Sani Magori, mai fim daga Galmi da ya bi sawun 'yan ci-rani

Sani Elhadj Magori mai shirya fina-finai ne ɗan Jamhuriyar Nijar, an haife shi a shekarar 1971 a Galmi, garin albasa da ke jahar Tahoua. Ilimin aikin gona ya karanta a Aljeriya, ya kuma taɓa aikin jarida, kafin ya tafi Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a Senegal ya koyi haɗa fim na zahiri, wato wanda ake ɗaukar mutane cikin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba. Ya kafa kamfaninsa mai suna Maggia Images, sunan da ya samo daga kwarin Maggiya na yankinsu.

Fim ɗin da ya fara fito da shi shi ne Pour le meilleur et pour l'oignon na 2008. Labarin wani manomi ne a Galmi wanda auren 'yarsa ya rataya a kan albasar da ya shuka: in ta yi kyau kuma ta yi kuɗi a yi biki, in kasuwa ta faɗi a sake ɗagawa. Fim ɗin ya sami kyautar AMAA ta Najeriya a 2009. Duk wanda ya taɓa ganin buhunan albasar Galmi a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, a nan zai ga inda suka taso da abin da ke bayansu.

Aikin da ya fi shafar Hausawan zango shi ne Koukan Kourcia, wato Kukan Kurciya, na 2010. A shekarun 1970 wata zabiya mai suna Hussey ta yi tashe a ƙauyukan yankin. Waƙoƙinta suna zuga samari su bar gida su tafi kurmi biɗa, har zama a gida ya koma abin kunya ga namiji. Da yawa sun tafi Abijan da sauran biranen bakin teku, wasu ba su sake dawowa ba. Mahaifin Magori na cikin waɗanda suka daɗe a Abijan. Sai ɗan ya je wajen zabiyar, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta ta tsara wata sabuwar waƙa da za ta kira mutanen gida, sannan ya ɗauke ta suka kama hanya daga Nijar zuwa Kodebuwa.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin cewa mai kyamarar ba baƙo ba ne. Ɗa ne da ya ɗanɗani rashin uba a gida, kuma da Hausa yake magana da mutanen da yake ɗauka. Bai mai da zabiyar mai laifi ba, ko da yake muryarta ce ta kwashe mazan gari. Fari da talaucin shekarun nan su ma sun kora mutane, waƙar ta zo ta ba tafiyar daraja. Haka nan bai raina waɗanda suka zauna can ba. Mutumin da ya shekara ashirin a wani gari, ya yi sana'a, ya yi iyali, in aka ce masa ya koma gida, dole ya tambayi kansa wane gidan. Ga kuma kunyar komawa hannu biyu, wadda ta riƙe mutane da yawa fiye da kuɗin mota. Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, kuma a nan jawabin ya isa kunnen waɗanda aka yi dominsu.

Wannan tambaya sananniya ce a unguwar Zongo ta Kwatano, inda zuriyar fatake da 'yan ci-rani daga Nijar da arewacin Najeriya suke zaune. Akwai matasa da aka haifa a nan, suna jin Hausa da Faransanci da Fon, garin kakanninsu kuwa sai a labari. Rufe iyakar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai ya ƙara wahalar zuwa ganin dangi.

Magori ya kuma tallafa wa na bayansa. Kamfaninsa na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin L'Arbre sans fruit na Aïcha Macky, fim kan rashin haihuwa da ya ci kyautar AMAA a 2016. Macky, 'yar Damagaram, ta fitar da Zinder a 2021, kan samarin unguwar Kara-Kara da suka tashi a gefen gari ba makaranta ba aikin yi.