So da tsoron Allah a addinin Yahudu

So da tsoron Allah ginshiƙai biyu ne na ibadar Yahudawa, kuma Attaura ta yi umurni da duka biyun. Safe da dare mai ibada yakan karanta ayoyin da ake kira Shema, waɗanda suka wajabta masa son Ubangiji.

Cikin malaman da suka zurfafa a wannan fage akwai Bahya ibn Pakuda na Saragosa a Andalus. Wajen 1080 ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub da Larabci, babi goma, daga tauhidi zuwa tawakkali, tuba da zuhudu, ya ajiye son Allah a ƙarshe. Ya ɗebi ilimin sufayen Musulmi sosai, har almajirin zaure a Damagaram da ya karanta Ihya'u na Gazali ba zai ji baƙunci a littafin ba.

Wani malamin kuma, Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya koyar cewa tunani kan halittu ke haifar da so, daga nan bawa ya ga ƙanƙantarsa, kwarjinin Mahalicci ya rufe shi. Malaman Yahudawa sun fifita wannan tsoro na girmamawa a kan tsoron azaba.