Horon Malaman Turanci da Yadda Ya Iske Ƙasar Yauri

Asalin wannan sana'a tamu ta koyar da Ingilishi a Arewa yana komawa ne ga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda aka tsananta wa ɗalibai irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello a kan lafazi da fasahar magana, domin su ne za su koma larduna su karantar. A wancan zamani da Hausa ake karatun elementare, sai yaro ya kai midil sa'an nan ya shiga Turanci sosai, saboda haka malaminsa ya kasance mutum ne ƙalilan, mai martaba.

Mu da muka bi ta kwalejojin takardar malanta mai daraja ta biyu mun gaji ragowar wannan tarbiyya. An hore mu da kada mu fassara; a ɗaga abu, a faɗi sunansa, yara su maimaita, kamar yadda almajirai ke bin malam a biya allo. Na ga malami ya riƙe fallen takarda a gaban leɓensa yana furta harafin p har takardar ta kaɗa, don Bahaushe ya rarrabe shi da f, alhali a harshensa makhraji ɗaya ne. Kuma ba a yarda ɗalibi ya shiga aji ranar gwajin koyarwa ba sai an duba shirin darasinsa an sa hannu.

Amma fa waɗanda suka tsara wannan manhaja sun ɗauka cewa kowane yaro da Hausa ya tashi, kuma a nan ne ƙasar Yauri ta saɓa wa zatonsu, gama wanda aka tura Ngaski ko Shanga ko ƙauyukan da aka sake wa mazauni bayan ruwan Kainji ya ci tsibirai a 1968, zai tarar da 'ya'yan Gungawa da Kambari da Shangawa, waɗanda Hausa ma a kasuwar Yelwa wasunsu suka tsince ta, Turanci kuwa shi ne na uku. Ƙa'idar hana fassara, wadda muka ɗauka takurawa ce, ita ta fisshe mu, domin ƙwarya da taru da filafili ba su bukatar tafinta.

Da shirin ilimi kyauta na 1976 ya zo, aka yaye malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike giɓi, daga bisani takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar malanta. Nahawu da adabi sun ƙaru a wurin matasanmu, ban musa ba. Sai dai horon baki da kunne ya yi rauni, har kakan iske mai shaida yana bayyana darasin Turanci dukansa da Hausa ga yaron da Hausar ba ta zauna masa ba tukuna.