Hasken da Takarda Ke Fitarwa a Gwajin Gaggawa: Yadda Yake Shafar Sakamako

Idan an taɓa yi muku gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, kun ga ɗan farin akwatin roba da ake ɗiga jini a kai. A cikinsa akwai siririyar takarda da jinin ke bi. A irin wannan gwaji, jan layin da ke fitowa da ido ake ganinsa. Amma akwai wasu gwaje-gwaje, kamar na troponin da ke nuna lahani a tsokar zuciya da na HbA1c na masu ciwon sukari, waɗanda na'ura ce ke karanta su. Na'urar tana haska takardar, wani sinadari ya mayar da haske, sai ta auna ƙarfinsa ta fitar da adadi.

Ina matsalar take?

Ita ma takardar tana mayar da nata hasken, ko da babu cuta a jinin. Kun san fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita: takardar rubutu tana walƙiya da shuɗi a ƙarƙashinta, takardar kuɗi ta gaskiya kuwa ba ta yi. Dalili shi ne ana zuba wa takardar rubutu sinadarin ƙara fari, wanda ke shan hasken da ido ba ya gani, na kusan nanomita 350, ya mayar da shi shuɗi. Ragowar sinadarin itace a cikin takarda, da gam, da robar akwatin, su ma suna ƙara nasu.

Yaya hakan ke shafar sakamakonku?

Idan hasken takardar ya yi yawa, yana iya rufe ɗan hasken da ke nuna cuta tun tana farawa, a ce babu alhali akwai. Yana kuma iya sa na'ura ta ƙirga shi a matsayin cuta.

Misali shi ne gwajin ƙarancin G6PD na ɗigon jini, wanda likita Ernest Beutler ya fito da shi a 1966. Ana busar da ɗigon a kan takardar tacewa a duba shi a ƙarƙashin fitila. Na mai lafiya yana walƙiya, na mai ƙarancin ba ya yi. Takarda mai walƙiya na iya sa a ɗauki mai ƙarancin a matsayin mai lafiya, a ba shi magani irin su primaquine, wanda zai iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini.

Yaya ake rage matsalar?

Masu ƙera gwaji suna zaɓar takardar auduga zalla wadda ba a zuba wa sinadarin fari ba. Suna amfani da sinadarai masu jan haske, domin hasken takarda ya fi ƙarfi a ɓangaren shuɗi da kore. Wasu suna amfani da europium, wanda haskensa ke daɗewa bayan na takarda ya mutu, sai na'ura ta ɗan jira kafin ta auna. Gwajin tsargiya da aka samar a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan yana amfani da ƙwayoyin da ake kunnawa da hasken da takarda ba ta amsawa.

Abin da ya kamata ku kula da shi

1. Ku tabbata an buɗe ledar gwajin a gabanku, kuma wa'adinsa bai wuce ba.
2. A ajiye kayan gwaji nesa da rana, zafi da danshi.
3. Kada a taɓa wurin da ake karantawa da yatsa.
4. A karanta sakamako a lokacin da kamfani ya ƙayyade, ba bayansa ba.
5. Ku sanar da ma'aikacin lafiya idan kuna da shawara, domin yawan sinadarinta a jini na iya shafar wasu gwaje-gwaje.

Idan sakamakon bai dace da yadda kuke ji ba, musamman ciwon ƙirji ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, kada ku koma gida ku zauna. Ku nemi likita ya sake gwajin, ko ya tura jinin babban ɗakin gwaji.