Akwatin Kakana da Yaƙin Bama

Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna yadda muke haddace shekaru a darasin tarihi, mu zube su a takardar jarrabawa, mu manta. Ban san waɗannan shekaru sun ratsa ta cikin gidanmu ba sai da kakarmu ta rasu, aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta. A ciki muka tarar da lambar yabo mai siffar tauraro, da ɗan littafin sallama daga soja mai ɗauke da sunan kakanmu.

Tun muna yara ake gaya mana ya yi yaƙin Bama, har ana cewa ya kashe Japanawa ba adadi. Shi kuwa ya rasu kafin a haife ni. Sai na ɗauki hutun shekara na shiga bin diddigi. Na zauna da tsofaffin da suka rage a garinmu, na leƙa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Nan na gane ba zan fahimci rayuwarsa ba sai na karanta tarihin Ingila, domin abin da aka yanke a Landan shi ya raba shi da gonarsa.

Ga yadda zaren yake. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Rundunar da aka ci ƙasarmu da ita, wadda sojojinta baƙaƙe ne, hafsoshinta Turawa, ita ce bayan shekara 40 ta ɗauki kakana. Dalili kuwa shi ne a Fabrairu 1942 Japan ta ƙwace Singafo, ta mamaye Bama, ta doshi Indiya. Ingila na fama da Hitila, ba ta da isassun maza, sai ta waiwayo Afirka ta Yamma. Aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ana neman samari. Tsofaffin garinmu sun ce wasu albashi ya ja su, wasu kuwa nuna su aka yi da yatsa.

Littafinsa ya nuna Runduna ta 81 ya shiga, wadda ta isa Indiya a 1943, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. Amma abin da ya girgiza ni shi ne ba mai bindiga ba ne. Yana cikin rukunin masu dako. Dajin ya yi duhu, ga tsaunuka, mota ba ta shiga, saboda haka jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, su kuma su ɗauka a ka, su bi mayaƙa duk inda suka nufa.

Na daɗe ina tunanin ko in faɗa wa dangi. Da na faɗa, wani baffana ya fusata, ya ce na zubar da mutuncin gida. Na ce masa, "Baffa, ku yi haƙuri, amma wanda ya shiga inda ake ruwan wuta da kaya a ka, ba abin kare kai sai adda, ai ba a kira shi rago ba." Bai amsa ba, sai dai bayan kwana biyu ya aiko a kai masa littafin ya gani.

An gama yaƙin a Agusta 1945, kakana ya dawo gida a 1946. Ingila ta fito da nasara amma bashi ya yi mata katutu. Indiya ta sami 'yanci a 1947, Bama a 1948, mu kuma a 1960. Yau in kun wuce Barikin Kalapanzin a Kaduna, ku sani sunan wani kogi ne a Bama inda mazanmu suka yi artabu.

Roƙona gare ku shi ne kowa ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna raye, ya ɗauki maganarsu a waya, ya adana takardunsu, sannan ya gwada abin da ya ji da abin da ke rubuce. Ni na makara, labarin da kaka za ta ba ni a zaune ɗaya sai da na yi wata da watanni ina nema. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.