Sunan Yanka

sunan yanka (namiji, jam'i: sunayen yanka)

1. Sunan da ake raɗa wa jariri a ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, inda ake yanka masa rago. *Ana ce mata Ladi, amma sunanta na yanka Hafsatu.*

2. A nahawu: sunan da ya keɓanta ga mutum ɗaya, ko wuri ɗaya, ko abu ɗaya, kamar Musa, Katsina, Damagaram, Dutsen Dala. Kishiyarsa suna gama-gari, irin su yaro, gari, dutse. A rubutun boko da babban baƙi yake farawa, ko a tsakiyar jimla ya faɗo. A nan har laƙabi, irin su Ladi da Ɗanjuma, sunan yanka ne, ko da ba a yanka musu rago ba.

Wajen koyar da shi a firamare, abin da ya fi shiga kan yara shi ne a fara da sunayensu. Malama ta ce "yaro, tashi", kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ta ce "Sani, tashi", mutum ɗaya ya miƙe. Yaran da suka fara da makarantar allo kuwa sai an bi su a hankali wajen rubuta shi, domin ajami ba shi da babban baƙi.