Karta: Daga Masar Zuwa Majalisunmu

'Yan uwa, kartar da muke gani a majalisun Maiduguri ba baƙuwar jiya ba ce. Wajen 1370 ta shiga Turai daga Masar ta Mamluk, daular da Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa wasiƙa a 1391. A Sifen, littafin Cervantes na 1613 ya ambaci wasan ashirin da ɗaya, kakan blackjack.

A wasan, katin A kan zama 1 ko 11. Idan 11 ake ƙirga shi, hannun mai laushi ne, ƙarin kati ɗaya ba zai ƙona shi ba. In babu wannan sassauci, mai tauri ne. Amma laushi ko tauri, lissafin gidan caca yake fifitawa. Mu ja kunnen yaranmu. Allah Ya kiyaye.