Tarihin Gano Cutar da Ke Hana Jiki Cin Kitsensa

Yau za mu ba ku labarin wata cutar gado, da irin wuyar da likitoci suka sha kafin su gane ta.

Ku sani sukarin da ke cikin jini kamar tuwon tukunya ne, kitse kuwa shi ne rumbun jiki. In yaro ya daɗe bai ci ba, sai jiki ya koma rumbu. To, akwai yaran da a kan haifa ba su da tsanin hawa rumbun nan. Yaro yana nan garau, sai zazzaɓi ko amai ya hana shi cin abinci, kafin gari ya waye ya suma. A da, wajen ɗaya cikin huɗu ba su tashi daga suman farko.

A Turai da Amurka an daɗe ana binne irin yaran nan da sunan wata cuta dabam. Wani a ce ciwon Reye ne, wani a ce mutuwar fuju'a ce. Iyaye su sake haihuwa, abin ya sake faruwa, gama uwa da uba lafiyayyu ne ke ɗauke da irin cutar ba su sani ba.

Fitsari ne ya fara tona asiri. A 1976, a ƙasar Denmak, Niels Gregersen da abokan aikinsa suka sami ragowar kitsen da bai gama ƙonewa ba a fitsarin wani yaro. A 1982 da 1983 aka tabbatar da sinadarin da yaran suka rasa, wanda a ke kira MCAD. Amma fa awon fitsari ya fi nunawa sa'ad da yaro ya riga ya kwanta, watau an makara.

Sa'an nan aka koma ga wata tsohuwar dabara. Tun wajen 1962 Likita Robert Guthrie na Amurka ya koya wa asibitoci tsaga diddigen jariri, a ɗiga jini a takarda, ya bushe, a aika ɗakin bincike. Wata cuta dabam ya ke nema. A 1990 David Millington, a Jami'ar Duke, ya nuna cewa na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari tana iya ganin ragowar kitsen nan cikin ɗigon busasshen jini, tun yaro bai taɓa ciwo ba. Daga 2009 Ingila ta sa awon nan cikin na dukan jarirai, a rana ta biyar da haihuwa. A can a kan sami kamar ɗaya cikin 10,000.

Abin mamaki, bayan duk wannan wahala, maganin ba mai tsada ba ne. Kada a bar yaron da yunwa. In ya yi ciwo a riƙa ba shi ruwan sukari, in ya amayar, a garzaya asibiti a sa masa ta jijiya.